Bindiga Mai Baki Biyu Ba Ta Cin Kowane Albarushi

Ƙannena masu sha'awar tsofaffin bindigogin farauta, zan ba ku labarin ɓarnar da na yi wa wata bindiga da ta girmi kakana, don kada ku maimaita.

Na tashi ina ganin mafarautan garinmu suna ɗura wa bindigar toka albarushi da tafin hannu, su danna tsumma, su ɗora dalma. Shi ya sa na girma da tunanin cewa albarushi duk ɗaya ne, baƙin gari ne kawai mai kama wuta. Da wannan tunanin na zo Ingila, da shi kuma na sayi bindigata bayan 'yan sanda sun ba ni lasisin riƙe ta da takardar izinin ajiye albarushi. Mai baki biyu ce, ƙirar Birmingham ta wajen shekarun 1880, tana cin harsashin .500 Black Powder Express mai kwanso inci 3. Irin wannan harsashi ba a samun sa a kowane kanti, mai bindiga ne ke ɗura abinsa da hannu. A zamaninta ana zuba masa albarushi giren 136 a bayan dalma mai giren 340, ya fita da gudun ƙafa 1,900 da 'yan kai a daƙiƙa. Giren 15 da ɗan ɗoriya ne ke yin giram ɗaya.

Abin da ban fahimta ba shi ne yadda aka haɗa bututun nan biyu. Ba a jere suke sak ba. Maƙeri yakan karkato su kaɗan zuwa juna, ya sa 'yan ƙarafa a tsakani, ya liƙe da dalma, ya je ya harba, ya dawo ya narkar ya gyara, ya sake komawa, har sai harsashin dama da na hagu sun faɗa wuri guda a nisan da ake so. Dalili kuwa, idan ka harba bakin dama, bindiga takan fara fizga zuwa dama tun harsashi bai fita ba, na hagu ma haka zuwa hagu. Karkatar nan an auna ta ne daidai da lokacin da harsashi ke ɗauka a cikin bututu. Idan ya yi nawa, dama ta harba dama, hagu ta harba hagu, su rabu. Idan ya yi saurin da ya wuce kima, sai su gitta, na dama ya faɗa hagu. Wato tun ranar da bindigar ta bar hannun maƙerinta an ɗaura mata aure da nauyin dalma ɗaya da gudu ɗaya. Aikinka shi ne ka nemo albarushin da zai dawo da wannan gudun, ba wanda ya fi ƙarfi ba.

Ni kuwa wanda ya fi ƙarfi na nema. Ana rarraba albarushi da girman ƙwayarsa: Fg ne mai manyan ƙwayoyi, sai FFg, sai FFFg, sai FFFFg mai laushi kamar garin tuwo, wanda ake sa wa a kaskon bindigar ƙanƙara don kunna wuta kawai. Duk yadda ƙwaya ta ƙanƙance, haka take saurin cinyewa, matsin da ke cikin bututu ya tashi farat ɗaya. Na tarar da gwangwanin FFFg da sauƙin kuɗi, na ce ai mai laushi shi ne mai kyau. Ashe FFFg na ƙananan bindigogi ne da na hannu, ba na kwanso mai inci 3 ba. Harbi na farko ya doke ni a kafaɗa kamar shurin jaki, kuma a takardar saiti harsasai suka gitta da kusan tafin hannu. Maimakon in tsaya, sai na ci gaba har na ƙarar da harsashi arba'in. Da na kai ta wurin maƙerin bindiga, ya cire katakon gaba ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya miƙo mini in ji. Akwai ɗan motsi tsakanin bututu da jikinta wanda babu shi ranar da na saya. Araha ba ta ado, kuɗin gyaran ya ninka na gwangwanin sau da yawa.

Tsoro ya sa na koma ɗaya gefen. Na sayi Fg mafi girman ƙwaya, na kuma rage awo. Sai harsasai suka rabu, dama da hagu da tazarar fiye da inci 8 a yadi 50. Na yanke cewa bindigar ce ta lalace, har na fara neman wanda zai narkar da liƙin ya sake saita bututun. Wani dattijo da muke haɗuwa a filin harbi ne ya dubi takardar ya ce kada in kuskura in taɓa aikin da aka yi shekara ɗari da wani abu, gudu ne ya gaza. Da na bi son raina, da na rushe abin da babu mai iya mayar da shi yadda yake.

Shi ya bayyana mini inda matsalar take. Yawancin waɗannan bindigogi na Ingila an saita su ne da albarushin Curtis's & Harvey mai lamba 6, kuma an daɗe da daina yin sa. Kwanson tagulla na yanzu ma ya fi na da kauri, don haka cikinsa bai kai na da faɗi ba, giren 136 ba ya shiga cikin sauƙi. Ke nan kana bukatar albarushi mai nauyi a awo, mai ƙarfi ba tare da laushin ƙwaya ba. Sirrin yana cikin gawayin da aka yi shi da shi da yadda aka danne shi a masana'anta. Albarushin Swiss da ake yi a Aubonne ta ƙasar Suwizalan yana da suna a wannan fanni, kuma suna da awon 1½ Fg, tsakanin Fg da FFg. Akwai Goex na Amurka da Schuetzen na Jamus, kowanne da masu yabonsa. Tawa dai da Swiss 1½ Fg ta shirya. Ta wani na iya fin son FFg, don tsawon bututu da nauyin dalma suna canza lissafi. Ko gwangwani biyu na kamfani ɗaya, in ba rukuni ɗaya aka yi su ba, suna iya bambanta, shi ya sa nake rubuta lambar rukuni a littafina.

Zubawa ma tana da ladabi. Ta dogon bututun tagulla mai tsawon kamar ƙafa biyu nake zuba shi a hankali, ƙwayoyin su zauna su haɗa kai. Kada a bar sarari tsakanin albarushi da dalma ko kaɗan, domin iskar da ke tsakani na iya kumbura cikin bindiga. Lokacin da na rage awo na bar wannan sarari ba tare da na san haɗarinsa ba, Allah ne kawai ya tsare.

Wani abu kuma da zan roƙe ku da babbar murya: albarushi marar hayaƙi na bindigogin zamani ba na awon baƙin albarushi ba ne, kusa ma ba su yi ba. An fito da kodayit, wani irin albarushi marar hayaƙi, a 1889, kuma a 1898 kamfanin Rigby ya fitar da .450 Nitro Express a kwanso mai girman na .450 na baƙin albarushi mai inci 3¼. Haka .500 Nitro ke shiga bindigata daram, ta rufe lafiya. Shigarsa ba izinin harba shi ba ne. Ku juya bututu ku karanta hatimin gidan gwaji na Landan ko na Birmingham da ke ƙarƙashinsa, ku kai wa maƙeri ya duba kafin harbin farko, musamman in ƙarfen Damaskas ne mai zane.

Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama hayaƙi, dauɗa yake bari a bututu, kuma dauɗar nan tana jan laima. Wani dare na dawo a gajiye na ce sai gobe. Goben ta zama kwana uku. Da na leƙa bakin hagu a hasken taga, na ga jan tsatsa dige-dige kusa da gindi, kuma har yau tabon yana nan. Ruwan ɗumi ne maganinta, a ranar, a busar, sannan a shafa mai. Kwanson ma a jefa shi cikin ruwan sabulu tun a filin harbi. Man da ake shafa wa dalma ya zama na kakin zuma da kitse, shi ke sa dauɗar ta yi laushi. Na fetur yana mayar da ita kamar kwalta, balle ranar da iska ta bushe irin ta hunturunmu.

Yanzu idan na buɗe sabon gwangwani, harsashi huɗu kawai nake ɗurawa. Dama, hagu, dama, hagu, a tsaye, hannuna ƙarƙashin bututu kamar yadda maƙerin ya riƙe ta, ba a ɗaure kan tebur ba. Sai in taka yadi 50 ɗin in duba takarda. Makon jiya ramukan huɗu sun shiga ƙarƙashin murfin kofin shayina.