Fim mai dogon zango ya riƙe Kannywood, amma kuɗin kallon ina yake zuwa?

Jama'a ku duba fa yanda abu ya juya. Da can in sabon fim ya fito Ƙofar Wambai cika take, diloli na ɗiban kaset kwali-kwali, daga baya CD, ana lodawa zuwa Zinder da Maraɗi har Ghana, furodusa na kai kaya kasuwa ya san abinda zai dawo masa. Toh wannan kasuwar ta mutu, 'yan turawa a waya ne suka ƙarasa ta, mutum ɗaya ya samu kwafi ya zuba a kwamfuta duk wanda ya miƙo memori a cika masa ita taf a kuɗin da bai kai na CD ɗaya ba. Sinima kuma dama a Kano ba kowa ke shiga ba, matan aure da su ne ƙashin bayan kallon nan basa zuwa.

Fim mai dogon zango ne ya tada masana'antar daga kwance. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta zo da Daɗin Kowa, ita ta koya mana jiran sati ya zagayo. Sai 2020 lokacin kullen korona kowa na gida waya a hannu, Izzar So ya tashi a YouTube, Labarina ma ya fito, shikenan duk wani mai ofis a Zoo Road ya buɗe tasharsa. Wallahi ina jin daɗin wannan abu har raina, yara sun samu aiki, masu ɗaukar hoto, masu editin, masu kwalliya, har mai dafa abincin lokeshan.

Mutane na yawan cewa mai zai hana mu shiga Netflix kawai a huta. Netflix ta iso Najeriya tun 2016, ta sayi fim ɗin Lionheart a 2018, ta yi shirin Blood Sisters a 2022, Prime Video ma ta shigo da ƙarfinta a 2022 amma Janairun 2024 ta daina zuba kuɗi a sabbin ayyukan Afirka. Kuma kusan duk abinda suka kashe a Najeriya, a Legas ya tsaya. Ni bana ganin jiransu zai fisshe mu.

Wanda muke da shi a hannu YouTube ne, shi kuma da tsarinsa. Sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin a fara biyanta, sannan mai tasha ya ɗau kashi 55 na kuɗin talla, kuma tallar da ake nuna ma mai kallo a Kano araha ce in ka haɗa da wadda ake nuna ma wanda ke Ingila ko Amurka. Don haka furodusa ba shi da mafita sai ya ja abin yayi tsawo don a samu wurin saka talla da yawa. Nan ne labari ke shan wuya. Zaka ga mota ta tsaya a ƙofar gida, an yi hon, maigadi ya taso ya buɗe get, an yi fakin, Hajiya ta fito ta gyara mayafi ta shiga falo, sannu da zuwa, ya hanya, ya kika baro su, an kawo ruwa da lemo, duk ba'a faɗi abinda ya kawota ba sai ga tallar maganin basir ko turaren wuta ko filaye ta katse, in an dawo kuma a maimaita rabin gaisuwar. Labarin da marubuci ya tsara zai ƙare a zango biyu sai a ce masa ƙara, a kawo kishiya, a dawo da wanda ya mutu a ce dama bai mutu ba. Bana ganin laifin marubutan, abinda ke biyan kuɗin kyamara da janareto suke bi.

Abinda ke ci min rai shine mai kallo fa yana biya, ba kyauta yake kallo ba. Ƙanwata sai ta hana idonta bacci ta jira datar dare don ta sauke fitowar sati, tun ma kafin hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 balle yanzu. Wanda bai da data ya je shagon turawa ya biya. Kuɗi na fita daga aljihunmu duk sati, kamfanin waya ya samu, mai turawa ya samu, wanda ya sha rana a lokeshan shi ne na ƙarshe a layi.

Manhajojin gida irinsu Northflix sun gwada, kuma ina ganin hanyar kenan, sai dai a gina ta daidai da yanda muke rayuwa. Kar a ce sai kati da biyan wata-wata, mutanenmu sun saba da tiransifa da mai POS na bakin layi, a bari mutum ya sayi zango ɗaya da 'yan ɗaruruwa ya sauke a wayarsa ya kalla ba data. Su ma 'yan turawan nan maimakon kame da rigima a maida su diloli, suna da kwastomomi a kowace unguwa, a basu kasonsu su kawo na furodusa. Ni dai in aka ce ga labari fitowa goma sha biyu ne, an rubuta ƙarshensa tun kafin a kunna kyamara, ba talla a tsakiya, zan biya, kuma a gidanmu kaɗai na san mutanen da zasu riga ni.