Zama a harabar babbar majami'ar Salisbury: daɗinsa da ɗawainiyarsa

Wanda ya saba da rukunin gidaje masu get da maigadi a Lekki ko Ikeja zai gane tsarin nan take. Sai dai katangar da ta kewaye harabar babbar majami'ar Salisbury a Ingila tun ƙarni na 14 aka gina ta, kuma har yau ana kulle ƙofofinta da dare. Filin ya kai eka 80, babu harabar majami'a da ta kai shi girma duk Birtaniya, ga hasumiya mai tsawon mita 123 a tsakiya. Ba kukan janareta, ba hon ɗin danfo. Nan tsohon firaminista Edward Heath ya zauna, a gidan Arundells, daga 1985 har rasuwarsa a 2005.

Amma kafin ranka ya biya, duba takardu. Gidaje da dama na hukumar majami'ar ne, hayar dogon wa'adi take bayarwa. Tambayi shekarun da suka rage, da wanda gyaran rufi ke wuyansa. Yawancinsu kuma suna rajistar gine-ginen tarihi, don haka sauya taga ko fasa bango ba da izinin ƙaramar hukuma ba laifi ne da ke kai mutum kotu.

Bango ne aka fi yi wa ɓarna. Da kwaɓin farar ƙasa aka gina shi, wanda ke shan laima ya kuma fitar da ita. In birkila ya liƙe shi da siminti, ruwa ya rasa mafita, sanyin hunturu ya daskarar da shi, sai fuskar dutse ta riƙa ɓarewa, filasta ta kumbura, bakin katakon da ke cikin bango ya ruɓe. Ga shi garin a fadama yake, ruwa na kusa da saman ƙasa. Gyaran sai da haƙuri: a ƙwaƙule simintin da kurfi, ba da injin yanka ba, zurfin ya ninka faɗin tsagar da ke tsakanin duwatsun sau biyu. A jiƙa wurin, a cusa kwaɓi, awo 1 na farar ƙasa da kusan awo 3 na yashi, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na 'yan kwanaki don kada ya bushe da wuri ya tsage. Ba a yin aikin lokacin ƙanƙara.

Da rana kuwa harabar ta 'yan yawon buɗe ido ce, masu zuwa ganin kwafin Magna Carta na 1215, takardar yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila. In tagarka na kallon fili, tanadi labule mai kauri.