Yatsa biyun da Baba makanike ya bar wa sitiyarin Marsandi

Marsandin da mahaifinmu ya bari, Allah Ya jiƙansa, samfurin 1982 ce, ƙirar 200, irin wadda Mercedes-Benz suka yi wa lamba W123 suka ƙera daga 1976 zuwa 1986. Da ita yake zuwa Kantin Kwari kullum daga gidanmu na Gwammaja. Da aka zo rabon gado ba wanda ya kalle ta sai ni. Inji lafiya lau, giya lafiya lau, ƙofarta in ka rufe sai ka ji kamar ta banki. Matsala ɗaya ce, sitiyari.

In na hau titin Katsina na miƙe, sai in riƙa kaɗa hannu dama da hagu kamar mai tankaɗen gari, motar kuwa tana tafiyarta, ba ta ma san ina yi ba. Sai hannu ya yi nisa sannan tayoyi su amsa, in sun amsa kuma su wuce gona da iri. A garin da ɗan Adaidaita Sahu zai shigo maka ta inda ba ka zata ba, wannan ba abin wasa ba ne, ko da yake “wasa” ɗin makanikai suke kiransa. Ranar da uwargida ta ce, “Maigida, wai barci kake ji ne?” alhali idona biyu, na san lokaci ya yi.

Na fara aunawa. Na daidaita tayoyi, na kunna inji saboda tawa mai pawa sitiyari ce, na ɗaura guntuwar waya a jikin sandar sigina ta zama manuni, na sa alli a gefen sitiyari. Na juya hagu a hankali har ƙanena da ke tsugune a gaba ya ce, “Yaya, ta motsa.” Na yi alama. Na juya dama haka nan. Tsakanin alamun biyu santimita 7. Abin da kamfanin ya yarda da shi bai wuce milimita 25 ba, kusan faɗin yatsa da rabi.

Wani yaro a gareji ya ce akwatin sitiyarin ya gama aiki, a nemo na Beljiyam. Ban ga laifinsa ba. Mun taso cikin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, ita kuma rak gare ta, wato miƙaƙƙiyar sanda mai haƙora da ke tura tayoyi, haka motocin yau kusan duka. Yaran yanzu rak suka sani. Marsandi ta wancan zamani akwati gare ta, a ɗaure da jikin shasi ta ɓangaren direba. Sandar sitiyari tana shiga ciki ta ƙare da zare irin na noti, ƙananan ƙwallayen ƙarfe suna zagayawa cikin zaren suna tura wani gunduman ƙarfe mai haƙora, haƙoran su cije na wata sanda da ta sauka ƙasa, ita kuma ta kaɗa hannun da ke jan tayarod, sandunan da ke karkata tayoyi. A saman akwatin akwai wani ɗan sukuru mai ramin alanki, noti mai lamba 19 ya danne shi. Aikinsa ya matso da haƙoran nan kusa da juna idan sun ci.

Da na ji haka sai na ce ai abin bai kai a kira makanike ba. Ranar Asabar na buɗe bonet, na sassauta notin, na murɗa sukurun dama, tunda na saba sukuru dama ake ɗaure shi. Wasa ya ƙaru. Ashe na wannan akwatin hagu ake yi, domin janyo sandar sama yake yi ta shige cikin haƙora. Haushi ya sa na koma hagu na yi ta murɗawa har na ji ya cije, na ɗaure noti, na taɓa sitiyari. Babu wasa ko na gashi ɗaya. Na wanke hannu ina jin kaina injiniya.

A kwanar farko bayan layinmu na karya, na sassauta hannu kamar yadda aka saba don sitiyari ya dawo da kansa. Bai dawo ba. Ya tsaya inda na ajiye shi, mota ta ci gaba da kwana, ta nufi teburin mai shayin unguwarmu. Birki ne ya raba ni da biyan kuɗin ƙwai kiret biyu. Mai shayi ya ɗago ya ce, “Alhaji, da ka yi magana ai da na kawo maka har mota.”

Washegari na tafi wajen tsohon da ke yi wa mahaifinmu gyara, can bayan Ƙofar Ruwa. Ya tsufa, yanzu zama yake a benci yana nuna wa yara da baki, amma da ya hango motar sai ya miƙe. Ya shafa bonet ɗin, ya yi wa marigayi Alhaji addu'a, sannan ya sa yatsa biyu ya juya sitiyari.

“Wa ya taɓa ta?”

“Ni ne, Baba.”

“To ɗana, ka fara daga inda ake ƙarewa.”

Abu na farko da ya yi, ya mayar da sukurun baya ya saki akwatin. Sai ya shimfiɗa kwali, ya kwanta da kansa, yara suna cewa ya bari su yi yana korar su. Ya ce in riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, tayoyi a ƙasa, kada in daina. Ina leƙe ta ƙofa ina ganin ƙafafunsa kawai. Daga baya ya kira ni na sauka, ƙanena ya karɓi kaɗawar, ya kama hannuna ya ɗora a kan kowace gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Ido ba ya ganin abin, tafin hannu ke ji. Inda gaɓa take da lafiya, ƙarfe biyun tare suke tafiya. A kan tayarod na dama na ji ɗaya ya riga ɗaya, da wani ɗan ƙas-ƙas. A ɗaya ɓangaren shasi kuma akwai hannun da ke tallafe sandar tsakiya, abokin hannun akwati, shi ba kaɗawa kawai yake ba, har sama da ƙasa yake yi, bushin ɗinsa ya narke. Ya duba notuka ukun da suka riƙe akwatin, ya duba mahaɗar sandar sitiyari da akwati, ya cire ɗan shokozoban sitiyari ya matsa shi da hannu, ya shige ba gardama, mai ya tsiyaye tuntuni.

Muka shiga kasuwa muka haɗo kayan. Ciniki ya ci awa guda, ba zan ba da labarinsa ba. Da aka ɗaura, na sake awo da allina: santimita 4. Wato kusan rabin wasan ba ma a akwati yake ba, ni kuwa na je na shaƙe akwati don ya biya bashin wasu.

Sai a lokacin ya ce a ɗaga gaba a sa kan tsayayyen ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Ya ɗiga farin fenti a kan sukurun don a san inda aka taso. Ya riƙe alanki da hannu ɗaya, sifana a ɗayan, ya murɗa hagu kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, ya riƙe sukurun kam ya ɗaure noti, domin in ba a riƙe ba noti yana jan sa ya ɓata awon. Sannan ya juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a hankali, idonsa a rufe. Sau uku ya yi haka. A na huɗu ya ji wani ɗan nauyi bayan an wuce tsakiya, sai ya koma baya.

Ya ce mota rayuwarta a miƙe take tafiya, saboda haka haƙoran tsakiya su suka fi ci, na gefe suna nan kusan sababbi. In ka matse har tsakiya ta daina wasa gaba ɗaya, na gefe za su cije, sitiyari ya ƙi dawowa, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe har akwatin ya mutu da gaske. Shekara arba'in da wani abu ba za su goge da sifana ba.

Awon ƙarshe ya tsaya wajen santimita 3. Na ce, “Baba, littafin kamfani milimita 25 ya ce.” Ya ɗora yatsunsa biyu a kan alamun allin, suka rufe su daidai. Ya ce wannan ya bar mata, in ina son na littafi sai a sauke akwati a buɗe, kuma ba yau ba.

Aka yi alaimen a bakin titi saboda tayarod da aka canja. Da la'asar na ɗauke shi muka bi titin Katsina, muka wuce Kurna har Dawanau, hannuna ɗaya a sitiyari, ba tankaɗe. A shataletale na saki, sitiyarin ya zame cikin tafina ya dawo tsakiya da kansa. Baba bai ce komai ba, yana ta murɗa rediyon Alhaji yana neman tasha. Da muka dawo ya ƙi karɓar kuɗin aiki, ya ce in ba yaran. Ya ce bayan wata guda in dawo ya ga ɗigon fentin ko ya gusa, kuma in bar alanki a gida.