Alhamdulillahi, fihirisar ta ginu

Yau da asuba, ana idar da sallah na koma gaban kwamfuta, na tarar aikin sake gina fihirisar rumbun bayanan asibitinmu ya kammala. Babu saƙon kuskure, babu komai, sai kalmar REINDEX, alamar an gama sake gina fihirisa, ita kaɗai a ƙasan allo. Na daɗe ina kallonta. Sai da Baba mai gadi ya leƙo ya ce, "Yaro, lafiya?" sannan na gane hawaye nake yi.

Ku da kuka bi ni tun daren Talata kun san yadda aka kwana, ba sai na sake ba ku labari ba. Ga wanda bai bi ba: ni ke kula da kwamfutocin asibitin, kuma fihirisa, wato jerin da kwamfuta ke bi ta nemo fayil ɗin majiyyaci da lambar katinsa, ita ce ta lalace. Da yawa kun tambayi asalin ciwon, kuma hakkinku ne ku sani, domin wani na iya faɗawa ramin da na faɗa.

Daga hannuna abin ya fara. Da wa'adin kula da Ubuntu 18.04, tsarin Linux da ke tafiyar da sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ya ƙare a 2023, na sauya wa asibitin sabar, na koma 22.04. Rumbun bayananmu PostgreSQL 12 ne, sai na sa irinsa a sabuwar, na kwashe fayilolinsa yadda suke na zuba. Ya tashi lafiya, kowa ya yi murna. Abin da ban lura da shi ba shi ne glibc, ɓangaren manhajar da Linux ke dogara da shi wajen jera rubutu. Tsohuwar sabar tana da 2.27, sabuwar 2.35, kuma tun daga 2.28 da ya fito a 2018 aka sauya ƙa'idar jerin. A da "11" ke gaban "1-1", yanzu "1-1" ke gaba. Lambobin katinmu kuwa duk da ɗan layin nan a tsakiya ake rubuta su.

Ku ɗauka akwatin kati ne da wani ya jera bisa tsarinsa, sai aka kawo sabon ma'aikaci mai bin wani tsarin dabam, ba a sake jera akwatin ba. Zai duba inda yake zaton katin yake, bai gani ba, ya ce babu. Haka fihirisar ta riƙa yi mana wata da watanni. Mai yankan kati ta nemi lamba, kwamfuta ta ce babu, ta buɗe sabon fayil da lambar nan. Fihirisar da aka kafa don hana maimaita lamba ita ce ta riƙa bari ana maimaitawa. Shi ya sa da na zo sake gina ta ranar Talata ta ƙi, ta ce akwai lamba biyu iri ɗaya, ta bar mini guntuwa marar amfani mai _ccnew a ƙarshen sunanta. Na goge, na sake, ta sake ƙi. Da PostgreSQL 15 nake amfani da shi, da ya yi mini gargaɗi tun ranar ƙaura, domin shi yana ajiye lambar sigar jerin, ya kwatanta. Da kuma pg_dump, manhajar fitar da kwafin bayanai, na bi na sake loda bayanan, da fihirisar ta ginu sabuwa tun farko. Na ga wannan hanyar za ta ci lokaci, na zaɓi gajeriya.

Daren Laraba ne ba zan manta ba. Wajen ƙarfe uku, bayan na hana rumbun amfani da fihirisa na sa shi karanta teburin layi bayan layi, lambobi 63 suka fito da fayil bibbiyu. Ina bi ɗaya bayan ɗaya, sai na zo kan wata lamba: mata biyu, sunan fari ɗaya, amma rukunin jinin ɗaya negatif, ɗayar fositif. Na duba rajistar kwanciya, na ga ɗayarsu tana ɗakin haihuwa a daren. Mai jego da jininta negatif ne, idan na jaririn fositif ne, akwai allurar da ake so a yi mata cikin awa 72 don kare cikin da za ta ɗauka nan gaba. Idan fayil ɗin ɗayar aka buɗe mata fa? Jikina ya yi sanyi. Ban san lokacin da na fita da gudu ba, ko takalmi ban sa ba.

Matron ta hana ni ambatonta, amma Mama ki yi haƙuri, ba zan iya yin shiru ba. Na same ta tana wanke hannu, na yi mata bayani baki na rawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, zauna. Ba mu taɓa yi wa mace komai da jinin da ke rubuce ba sai mun sake gwadawa. Da magariba aka gwada nata." Ta sa aka kawo mini ruwa. Ba ta tambaye ni wa ya jawo ba, ko da yake ta sani. Da aka sauke matar lafiya, ta aika aka ɗauko akwatunan tsofaffin katunan takarda daga sito, ta sa tabarau, ta zauna kusa da ni a kan benci. Ina karanto lamba, tana zaro kati, tana cewa wannan mutum ɗaya ce a haɗe, waɗannan biyu ne a raba. Wasu ma ta gane su da sunan unguwa da na miji kawai. Dare biyu ta yi haka bayan aikinta. Mama, Allah Ya saka miki da Aljannar Firdausi, Ya raya miki zuri'a, Ya sa kada ki ga abin da zai tayar miki da hankali kamar yadda kika kwantar da nawa.

Ina godiya ga abokin karatuna da ke aiki a Legas, wanda ya ce in gwada jera "1-1" da "11" a sabar biyun, shi ya buɗe mini ido. Ya kwana tare da ni a waya, da katin wayarsa. Ina godiya ga Peter Geoghegan, wanda bai san ina duniya ba, shi ya rubuta amcheck, manhajar duba lafiyar fihirisa, da shi na gano sauran fihirisoshin da suka lalace ban da ta kati. Baba mai gadi, da ya riƙa tashi duba man janareta don kada wuta ta yanke ana tsakiyar gini. Mai shayin bakin ƙofa da ya ƙi karɓar kuɗina. 'Yan ɗakin kati da suka koma biro da takarda kwana huɗu, marasa lafiya na yi musu faɗa, ba su taɓa turo kowa wurina ba.

Uwargida, ke kika karɓi baƙin bikin sunan ɗan ƙanena a madadina, kika kare ni. Na ji abin da aka faɗa a zauren, wai wasan kwamfuta ya fi mini zumunci. Kwana huɗu wayata a kunne, ban ga kiran ko mutum ɗaya daga gida ba, ko na tambayar ina raye. Ba komai, na yafe, zan zo barka da kaina in sha Allahu.

Ya Allah Ka rufa wa duk wanda ya rufa mini asiri. Wanda ya yi addu'a a ɓoye Ka amsa masa tasa, wanda ya turo shawara Ka ƙara masa ilimi mai amfani, marasa lafiyarmu Ka ba su sauƙi, masu ciki Ka sauke su lafiya. Ka yafe mini gaggawar da na yi.

Na ɗauki kwafin ajiya biyu, ɗaya yana aljihuna. Ranar Litinin za mu zauna da shugaban asibiti kan komawa sabuwar sigar PostgreSQL. Matron ta ce kada a mayar da akwatunan katin sito tukuna, na ce to. Yanzu gida zan tafi in kwanta.