Tankuna biyu da lambobin aigen

Lahadi, Zahran, Saudiyya.

Bayan sallar La'asar wani ƙanenmu da ke shekara ta biyu a injiniyanci ya same ni a ofishinmu na masu digiri na uku. Haifaffen Makka ne, kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa don aikin Hajji, ya yi zamansa. Hausarsa ta sha Larabci, amma da ita muke hira. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, matiriks fa na iya shi, bara na ci jarrabawarsa. Yau malam ya shigo da shi darasin difarenshiyal, kaina ya kulle."

Matiriks dai lambobi ne da aka jera layi-layi a kwance da tsaye, difarenshiyal kuwa lissafin saurin canjin abu ne. Na duba littafinsa. Gaskiyarsa ne, yana fitar da lambobin aigen, wato wasu lambobi na musamman da ake cirowa daga matiriks, tsaf, babu kuskure. Sai na tambaye shi, lambar nan da ka samu, me take gaya maka? Ya yi shiru.

Na zana masa tankuna biyu masu girma ɗaya, kowanne da ruwan gishiri. Bututu ya haɗa su suna musayar ruwa, sannan ruwa mai daɗi na shiga kowanne, wani na fita waje. Misalin bai yi masa nisa ba, domin ga Jubail nan arewa da mu, inda ake tace ruwan teku a tura shi har Riyad. Muka kira gishirin tanki na farko x, na biyu y. Saurin canjinsu, wato x' da y', ya fito haka: x' = -2x + y, kuma y' = x - 2y. Ya jera lambobin a matiriks, nan take ya samu lambobin aigen -1 da -3.

Na ce ya ajiye matiriks ɗin tukuna, ya tara layukan biyu. Jimillar gishirin, wato x + y, tana raguwa da -1. Na ce to ɗebe ɗaya daga ɗaya. Bambancin da ke tsakanin tankunan, x - y, yana raguwa da -3. Ya kalli allo, ya kalli littafinsa, ya ce, "Wallahi su ne!" Su ne kuwa. Ma'anarsu ita ce tankunan za su daidaita da juna da sauri ninki uku a kan yadda gishirin gaba ɗaya ke wankewa. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara ganin -3 a matsayin lambar da ta faɗo daga sama ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake koyar da darussan nan a rarrabe, a gida Najeriya da ma wurare da dama. A ba yaro matiriks a zango guda, ya haddace dabarun ninkawa da juyawa, ba a gaya masa inda za su yi masa amfani ba, sai an shekara. Alhali a tarihi matsalar ce ta riga kayan aikin zuwa. Tun 1743 masanin lissafi Euler ya nuna yadda ake warware irin wannan lissafi na canji. A 1829 Cauchy ya tabbatar cewa matiriks mai daidaiton ɓangarori, wato wanda layukansa na kwance da na tsaye iri ɗaya ne, kamar namu na yau, lambobin aigen ɗinsa na zahiri ne, irin su -1 da -3, shi ya sa gishirin tankunanmu ba ya lilo sama da ƙasa, raguwa kawai yake yi. Cayley kuwa sai 1858 ya rubuta ƙa'idar matiriks a tsare. Ni dai idan Allah ya kai ni ga riƙe aji nawa, da tanki zan fara.

Kiran Magariba ne ya tashe mu. A hanyar masallaci na ba shi aiki: ya toshe bututun fita a tankunan biyu, ya rufe na shigar ruwa mai daɗi, ya faɗa mini tun kafin ya taɓa biro wace lambar aigen ce za ta koma sifili, kuma don me. Ya ce zai kawo amsa ranar Talata, in sha Allah.