Shagon Takalman Gudu da Jama'ar da Ke Taruwa a Ƙofarsa

Ranar da na fara shiga shagon da ba ya sayar da komai sai kayan gudu, ciwon gwiwa ne ya kai ni, kuma niyyata ita ce in nuna takalmin da ya burge ni, in biya, in kama gabana. Mai shagon bai bari na isa wurin da aka jera takalman ba. Ya dubi ƙafata ya ce, "Malam, don Allah cire wanda ka zo da shi in gani." Ya kifa tsohon kambas ɗina a tafin hannunsa, ya bi gefen dunduniyar da ɗan yatsa inda robar ta cinye, sannan ya tambaye ni sau nawa nake fita a mako, a kan kwalta nake gudu ko a turɓaya, kuma ciwon yana tashi ne a farkon gudu ko sai na yi nisa. Da ya sa ni na tsaya a cikin sabon takalmi, sai ya danna babban yatsansa a gaban yatsun ƙafata, ya ce dole a sami sarari kamar faɗin yatsa ɗaya a wurin, domin ƙafa tana kumbura idan gudu ya yi tsawo. A nan na gane dalilin da ya sa farcen ƙafata ya yi baƙi watanni da dama: shekaru na yi ina sa takalmin da ya yi mini kaɗan. Ina shirin fita ya ce mini akwai masu haɗuwa a ƙofar shagon da yamma sau ɗaya a mako, kuma ba a biyan ko sisi.

Wannan gayyatar ce ta ɗaure ni da shagon har yau. Mutane suna zuwa daga wuraren aikinsu, su ajiye jakunkunansu a bayan kanta, su ɗaure igiyar takalmi a bakin ƙofa, wani ya faɗi hanyar da za a bi da nisanta, sai a rabu gida biyu ko uku gwargwadon saurin kowa. A cikin ayarin akwai wanda ya gama gudun fanfalaki sau da yawa, akwai kuma wadda likita ya ce ta fara motsa jiki saboda hawan jini, kuma da zarar an fara haki ba wanda ke tambayar wani matsayinsa a wurin aiki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutum ɗaya da ake ware wa aikin zama a can baya. Shi ba ya wuce kowa. Idan na ƙarshe ya gaji ya koma tafiya, shi ma tafiya zai yi, yana jansa da hira har su iso, kuma sauran jama'a ba sa watsewa sai sun ga su biyun sun ɓullo. A makonni na farko ni ne wannan na ƙarshen, saboda haka na san nauyin da ke sauka daga zuciyar mutum idan ya iso ya tarar ana jiransa ba tare da an nuna masa ya ɓata wa kowa lokaci ba.

Wannan ɗabi'a tana da asali. A farkon shekarun 1960 mai horar da 'yan tsere Arthur Lydiard ya riƙa tara talakawan gari a Auckland ta ƙasar New Zealand suna sassarfa tare don lafiyar zuciya. Bill Bowerman, kocin Jami'ar Oregon a Amurka, ya ziyarce shi a 1962, ya ga tsofaffi suna barin sa a baya, ya koma gida ya yaɗa abin. Shi ne kuma ya haɗa hannu da tsohon ɗalibinsa Phil Knight a 1964 suka kafa Blue Ribbon Sports, kamfanin da daga baya ya zama Nike, kuma ma'aikacinsu na farko, Jeff Johnson, ya shahara da ajiye kati ga kowane abokin ciniki, yana rubuta lambar takalminsa da irin gudun da yake yi, yana kuma aika masa da wasiƙa. Bayan Frank Shorter ya ci zinare a gudun fanfalaki na wasannin Olamfik na 1972 a Munich, gudu ya zama ruwan dare a Amurka, sai shaguna irin wannan suka fara buɗewa. Jeff Galloway, wanda shi ma ya je Olamfik ɗin 1972, ya buɗe Phidippides a 1973, Sally Edwards da Elizabeth Jansen kuma suka buɗe Fleet Feet a Sacramento a 1976. Abin lura a nan shi ne galibin waɗannan mutane 'yan gudu ne kafin su zama 'yan kasuwa, kuma ina ganin daga nan ne shagon ya gaji halinsa na zama dandali. Galloway ɗin nan ne ya shahara da koyar da sababbin shiga su riƙa haɗa gudu da tafiya, wato dai sannu ba ta hana zuwa.

Ilimin da ke yawo a irin wannan wuri ba duka ba ne ke fitowa daga bakin mai shago. A bakin ƙofa na ji cewa safar auduga tana riƙe zufa har ta jawo bororo, cewa ba a gwada sabon takalmi ranar gasa, cewa ciwon ƙwauri yawanci alama ce ta an ƙara nisa da gaggawa, kuma cewa takalmin gudu yakan gaji bayan kimanin kilomita 500 zuwa 800 ko da samansa yana nan kamar sabo. A nan ne kuma wani zai ce maka wannan ciwon agarar ya wuce shawarar abokai, ka tafi wurin likita. Na fi amincewa da shagon da ya san iyakar saninsa. Shaguna da yawa suna ɗora mutum a kan na'urar gudu su ɗauki hoton sawunsa, kuma hakan yana da amfani, amma binciken da aka yi a kan sababbin sojojin Amurka ya nuna cewa zaɓa wa mutum takalmi bisa siffar tafin ƙafarsa kaɗai bai rage yawan rauni ba. Mai shago na gari yakan fito maka da ƙafa uku ko huɗu, ya ce ka ɗan zagaya da kowanne, sannan ya tambaye ka wanne ne ka manta yana ƙafarka. Haka nan tun da takalma masu farantin kabon, wato siririn faranti mai tauri da ake sa wa a cikin tafin takalmi, suka shigo kasuwa da takalmin Vaporfly na Nike a 2017, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin tafinsu zuwa milimita 40 a gasar kan titi a 2020, na sha ganin ana gaya wa sabon shiga gaskiya cewa ba ya bukatarsu tukuna, alhali su ne mafiya tsada a shagon.

Ba kowane ayari ne ke riƙe wannan amana ba. Akwai inda masu sauri suke zama 'yan gida, hirarsu duk ta mintoci da daƙiƙoƙi ce, baƙo ya zo sau ɗaya ya tsaya a gefe, ba wanda ya tambayi sunansa, shi ke nan ba zai sake dawowa ba. Mata da masu jiki da waɗanda shekaru suka ja su ne suka fi saurin jin wannan sanyin tarba. Shirin parkrun, wanda Paul Sinton-Hewitt ya fara da mutum 13 a Bushy Park da ke Landan a 2004, ya mayar da zama a baya aikin sa kai na dindindin a gudunsa na kilomita 5 na kowace Asabar, ta yadda mai wannan aiki ne yake zama na ƙarshe a kullum. A ganina duk shagon da ke tara mutane ya kamata ya ɗauki wannan matsayi da muhimmanci fiye da na mai jan gaba.

Akwai kuma abin da yake damuna daga ɓangarenmu, masu saye. Na taɓa ganin mutum ya zauna kusan awa guda ana auna masa ƙafa, ana kawo wannan ana mayar da wancan, da ya sami wanda ya dace sai ya ɗauki hoton kwalin da wayarsa, ya ce zai yi shawara. Kowa a wurin ya san a intanet zai saya saboda ɗan ragi. Ba na zargin wanda aljihunsa bai kai ba, domin takalmin gudu ba shi da arha, amma awar nan da aka ba shi, da ruwan da ake ajiye mana bayan gudu, da hasken da ake bari a kunne har na ƙarshe ya dawo, da ma'aikacin da ke tsayawa gadin jakunkuna bayan lokacin tashinsa, duk daga ribar takalmin ake biyansu. Ni dai na yanke wa kaina cewa inda aka auna mini ƙafa a nan zan saya, ko da zan jira sai tsohon samfuri ya sauko.

Yanzu wata na huɗu ke nan da aka ba ni aikin zama a baya. A makon jiya wani dattijo ne ya zo karon farko da takalmin da ba na gudu ba, muka yi minti ɗaya muna sassarfa, minti biyu muna tafiya, har muka cika kilomita 3. Da muka iso, mai shagon ya miƙa masa ruwa, ya ce, "Baba, idan za ka dawo mako mai zuwa, ka bar ni in duba wannan takalmin naka."