Laraba, Tsakiyar Yuli: Rijista da Gonar Makaranta

Jiya da dare an yi ruwa sosai a birnin Kano, yau kuma masarar gonar makaranta ta cika mako biyar da shuka. Wannan ne lokacin takin yuriya. Ana haƙa ɗan rami kamar yatsu huɗu daga gindin kowace masara, a zuba cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, a rufe da ƙasa. In aka watsa shi a sarari rana ta buge shi, rabin amfaninsa iska ce za ta kwashe. In kuma ya taɓa gindin, ya ƙona ganye. Dole sai ƙasa na da laima, shi ya sa 'yan ƙungiyar matasa manoma su 18 suka shiga gona tun bakwai da rabi, ba su fito ba sai da darasi na biyu ya yi nisa.

Nan rigimar ta taso. Malaman aji su biyu sun riga sun kira rijista, sun sa wa yaran alamar rashin zuwa. Ba laifinsu ba ne. Rijista gida biyu gare ta, na safe da na rana, kuma ko dai yaro yana nan ko ba ya nan. Babu gidan da aka tanadar wa wanda makaranta da kanta ta aika aiki.

Bayan azahar shugaban makaranta ya tara mu malamai. Malamin lissafi ya fara: "Ranka ya daɗe, masara ba za ta rubuta musu jarrabawa ba." Gaskiyarsa. Amma ita ma laimar ƙasa ba ta jiran ƙararrawa, sai dai a tsara.

Ga abin da aka tsayar. Aikin da aka san ranarsa, kamar shema, huɗa, girbi ko rigakafin kaji, ba a taɓa lokacin darasi dominsa. A yi shi bayan an tashi ko ranar Asabar. Wanda ruwan sama ke sa wa rana kuwa, wato shuka da zuba taki, an yarda a ci darasin farko kaɗai, kuma malamin noma ya kai wa malamin aji sunayen yaran a rubuce kafin kiran rijista, ba bayansa ba. Malamin aji ya sa musu alamar zuwa, ya rubuta "aikin gona" a gefe. Sunan da ba ya cikin takardar, fashi ya yi, ko da an gan shi da fartanya a hannu. Wannan sharaɗin ya fi kowane muhimmanci a ganina, domin gona mafaka ce mai kyau ga wanda bai yi aikin gida ba.

Fita waje ta fi tsauri. Ziyarar gonakin rani na Kadawa, ko Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Dambatta, ko kasuwar hatsi ta Dawanau, duk sai da takardar da uba ko waliyyi ya sa wa hannu kwana uku kafin tafiya. In da 'yan mata a motar, malama za ta bi su, kuma a dawo kafin la'asar. Kwana uku ne iyakar irin wannan fita a zango ɗaya. Gwajin da ya wuce yaro ya rama shi cikin mako guda, in ba haka ba makin ya tafi. 'Yan ajin ƙarshe an cire su tun daga zango na biyu saboda WAEC da NECO.

Feshin maganin tsutsar masara bai shiga lissafi ba ko kaɗan: babba ne zai yi shi da yamma, a cikin tsakiyar ganyen inda tsutsar ke ɓuya, yara na nesa.

Abin da ba a warware ba shi ne dogon hutu. Za a rufe makaranta masara tana shirin fitar da bununi, babu rijista, babu mai tilasta kowa zuwa. An ba ni zuwa Juma'a in rubuta sunayen waɗanda gidajensu ke kusa, domin su riƙa duba gonar huɗu huɗu a kowane mako.